Kuɓewar da ta tsallaka teku da sunanta

Kawuna ƙanin Innarmu ya zo Babbar Sallah bana bayan shekara shida rabonshi da gida. Koyarwa yake a wata jami'a can jihar Luwiziyana a kudancin Amurka, kusa da New Orleans, kafin nan kuma a Filadelfiya yayi karatu. Daren da ya iso gidanmu na Tudun Wadar Zariya Inna ta tuƙa mishi tuwon masara da miyar kuɓewa ɗanya, ta san abin da yake so kenan tun suna yara, aka zuba man shanu aka kawo yaji. Yana cikin ci ya ɗaga loma yana kallon yauƙin miyar yace, "Yaya, kin san a garin da nake miyar da suka fi tinƙaho da ita sunan kuɓewa take amsawa?" Inna tace kai dai ci tuwonka kar ya huce. Ni kuwa sai na jawo kujera na matso, kuma tun daga daren nan har ranar da ya tafi kusan hirar da muke yi kenan ni da shi, sunayen abinci da na unguwanni da irin maganar da kowane yanki na Amurka yake da tashi.

Sunan miyar gumbo. Yace romo ne mai kauri da ake zubawa kan shinkafa, a sa kaza ko ƙaguwa ko jatan lande, da yawa kuma suna sa naman alade shi yasa shi a gida yake haɗa nashi. Kalmar ba Turanci bace sam, daga yarukan yankin Angola ta fito inda ake ce ma kuɓewa kingombo, Faransawa suka ɗauka suka mayar da ita gombo, shi yasa in ka je Maraɗi ka tambayi ɗan boko sunan kuɓewa da Faransanci gombo zai ce maka. Faransawan ne suka kafa New Orleans a 1718, a 1719 jiragen farko ɗauke da bayi daga Afirka suka sauka a Luwiziyana, to kaga waɗanda aka tura madafi su ne suka riƙe tukunya, kuma mai riƙe da tukunya shi yake kiran abin da ke cikinta da sunan da ya sani. Akwai ma wani gari da suke barbaɗawa don miyar tayi kauri, filé, busasshen ganyen wata bishiya ne sassafras da ake dakawa, wannan daga wajen 'yan asalin ƙasar ne ƙabilar Choctaw. Inna da ke jinmu daga bakin murhu tace to ai kuka kenan.

Ita kanta kalmar okra da Turawa ke ce ma kuɓewa daga okwuru ta fito, yaren Ibo, kalmar da za ka ji a layin 'yan kayan miya na kasuwar Sabon Gari kowace safiya. A kudancin Amurka tsofaffi suna ce ma gyaɗa goober, daga nguba na yarukan Kongo da Angola. A Charleston ta jihar Karolina ta Kudu riɗi sunanshi benne, kalma daga wajen Senegal da Gambiya, har wani ɗan biskit mai siriri suke yi da shi mai kama da kantunmu. Wanda ya fi taɓa ni shine yam. A Amurka in ance yam yawanci ba doya ake nufi ba, dankalin Hausa ne, mai jan ciki ɗinnan. Mutanen da aka kwasa daga nan sun je basu samu doya ba, suka samu wani abu da ake tonowa a ƙasa mai ɗan kama da ita, sai suka laƙaba mishi sunan abin da suke kewa. Masana harshe da yawa suna danganta kalmar da "ci" a yarukan yammacin Afirka, duk wanda ya zauna da Fulani ya san nyamugo.

Kimanin mutum miliyan 12.5 aka loda a jiragen nan cikin shekarun cinikin bayi, waɗanda aka sauke kai tsaye a ƙasar da ta zama Amurka kusan dubu 388 ne, yawancin sauran Birazil da tsibiran Karebiyan aka kai su, wasu kuma teku ta cinye. An raba su da garinsu, an canza musu suna, an hana 'ya'yansu yarensu, amma sunan kuɓewa da gyaɗa da riɗi ya ƙi mutuwa. Wallahi daren nan ban yi barci da wuri ba. Na riƙa tunanin wata mata da ba wanda ya rubuta sunanta a ko'ina, tana yanka kuɓewa a ƙasar da bata san kowa ba tana faɗin sunanta a ranta, yau shekara 300 jikokin masu gidan da ta yi wa bauta suna rubuta wannan sunan a allon gidajen abinci suna alfahari.

Washegari na raka shi kasuwar Sabon Gari sayen kayan miyan Sallah. Mai tumatir ya auna mana ya ƙulle leda sai Kawu yace, malam ba gyara? Mutumin yayi dariya ya ƙara guda huɗu da attaruhu biyu. Muna tafiya Kawu yace a duk Amurka New Orleans ce ya tarar suna da kalma ta musamman ta gyara, ana rubuta ta lagniappe amma lanyap ake faɗi. Kalmar tayi tafiya fa, asalinta yapa ce a yaren Kechuwa na mutanen duwatsun Peru, Sifaniyawa suka mayar da ita la ñapa, su kuma sun riƙe garin kusan shekara 40 kafin Amurka ta saye yankin daga hannun Faransa a 1803, masu Faransancin garin suka murɗe ta yadda bakinsu zai iya. Yace ranar da wata tsohuwa mai shago ta ƙara mishi abu ta faɗi kalmar ya tambayi ma'anarta ta gaya mishi, sai da yaji ƙwalla, don rabonshi da a yi mishi gyara tun barinshi Zariya.

Da daddare wajen mai shayin bakin layinmu, ana tsaga mana biredi ana cusa ƙwai, sai ya kawo zancen dogon biredin da suke tsagawa su cika da nama da ganye. Abu ɗaya ne amma kowane gari da sunanshi. Yawancin ƙasar sub suke cewa, don siffarshi kamar jirgin ruwan yaƙi mai nutsewa ƙarƙashin teku. A Niyok hero. A jihohin arewa maso gabas wajen Boston grinder. A Filadelfiya hoagie, kuma labarin da aka fi bayarwa a garin shine leburorin Italiya masu ƙera jiragen ruwa a wani wuri Hog Island lokacin yaƙin duniya na ɗaya su ne ke zuwa aiki da irinshi. A New Orleans kuma po' boy, wato yaron talaka. Mutanen garin suna cewa a 1929 ma'aikatan taragon cikin gari suka shiga yajin aiki, sai wasu 'yan'uwa biyu Bennie da Clovis Martin, waɗanda su ma sun taɓa yin kwandasta kafin su buɗe gidan abinci, suka yi alkawarin ciyar da masu yajin kyauta, in sun hango ɗaya tafe sai su ce ga wani yaron talakan nan. Sunan ya zauna. Mai shayin namu da yake sauraro yace Allah ya saka ma mutanen nan, shi ma akwai leburorin da yake ba bashi har ƙarshen wata in aiki ya tsaya.

Nace Kawu ai mu ma haka ne. Duk wanda ya zauna hostel a Samaru ko Kongo ya san rigimar waina da masa, ɗan Kano yace waina ɗan Bauchi yace masa kuma kowa ya rantse nashi ne daidai. Basakkwace yace guro kai kace kuɓewa, yace gujiya kai kace gyaɗa, awara wasu su ce ƙwai da ƙwai. Yace to su babbar rigimarsu lemon kwalba ce. Gabas da Kalifoniya soda, tsakiyar ƙasar wajen Shikago pop saboda ƙarar da murfi yake in an buɗe, kudu kuma komai coke ne, sai a tambaye ka wane irin coke kake so kace Sprite ba wanda zai ga abin mamaki. Dalili a fili yake, a Atlanta aka fara haɗa Coca-Cola a 1886, kudu gidanta ne. Wannan kam bai bani mamaki ba, mu da kowane garin sabulu Omo ne, kowane dunƙule Maggi, kowace taliyar yara Indomie.

Abin da ya fi bani sha'awa a maganar tasu shine wahalar da Turanci yake sha wajen cewa "ku". Mu muna da kai da ke da ku, su you ɗaya ce tal tun da tsohuwar kalmarsu ta mutum ɗaya, thou, ta faɗi daga bakin mutane. To kowane yanki sai ya ƙera tashi. Kudu suna cewa y'all, tsofaffin unguwannin leburori a Niyok da Filadelfiya youse, a Pittsburgh yinz, wadda suka gada daga baƙin da suka zo daga Sikotilan da arewacin Ayalan, har mutanen garin suna kiran kansu Yinzer. Kawu yace an daɗe ana raina masu y'all ana musu kallon ƙauyawa, yanzu kuma kowa ya ɗauka don tana biyan buƙatar da Turancin makaranta ya kasa biya. Nan sai na tuna wani malami da ya taɓa tsayar da ni gaban aji a sakandare don nace "rigan" maimakon "rigar", yace ku Zagezagi kun lalata Hausa baku san mace ba baku san namiji ba, aji ya kwashe da dariya. Abin ya zauna min a rai shekaru, na riƙa gyara bakina a gaban baƙi. A rubutu na yarda a bi daidaitacciyar Hausa, amma Zazzaganci ba kuskure bane, haka kakata take magana kuma ba wanda ya fi ta iya jera zance.

Ranar da muka hau keke daga Sabon Gari ɗan sahun yana kiran PZ, PZ, Kwangila, Samaru, Kawu ya taɓa ni yace ka san ma'anar PZ? Na san dai sha-tale-tale ne da bankuna da shaguna. Yace Paterson da Zochonis, wani ɗan Sikotilan da wani ɗan Girka da suka fara kasuwanci a Saliyo, kamfaninsu ya bazu har ya kafa kanti a nan kusa da tashar jirgin ƙasa, yau yaran da ke kiran sunan sau ɗari a rana basu san mutane biyu suke ambata ba. MTD daga ofishin 'yan sandan kula da motoci. Unguwar Gaskiya daga kamfanin ɗab'in da ke buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fitowa a 1939. Kwangila kuwa kalmar kanta Turancin contractor ce da bakinmu ya tauna.

Yace Niyok ma haka take, ka tona sunan unguwa ka tarar da mutanen da suka shuɗe. Mutanen Holan ne suka fara kafa garin suna kiranshi New Amsterdam kafin Ingilishi su ƙwace a 1664. Harlem daga garin Haarlem na Holan, an kafa ta a 1658. Brooklyn daga ƙauyen Breukelen. Bronx daga wani manomi Jonas Bronck da ya sauka a wajen a 1639, mutane suna cewa za mu gonar su Bronck har ya zama sunan yanki guda, kamar dai yadda muke cewa Hayin Dogo ko Unguwar Alkali. Wall Street da ake ji a labaran kasuwar hannun jari kuwa ma'anarta titin ganuwa, don a 1653 mutanen Holan sun gina katangar katako a wajen don tsaro, aka rushe ta a 1699 sunan ya rage. Na kalli abin nace ikon Allah, mu da muke cewa Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana alhali ganuwar da ke haɗa su ruwa da masu ɗiban ƙasa sun cinye yawancinta. Shikago ma daga shikaakwa ne, sunan wata albasar daji mai wari a yaren 'yan asalin wajen, irin dai Rimin Tsiwa da Rimin Doko da muke da su a cikin birni.

Da muka je kallon hawan Sallah yana kallon yaran da ke jan dawaki suna share musu gumi, sai yace irin waɗannan ne suka raɗa ma Niyok laƙabinta na Big Apple, babbar tufa. Wani ɗan jarida mai rubutu kan sukuwar dawaki, John J. Fitz Gerald, shi yaji baƙaƙen fata masu kula da barga a New Orleans a 1920 suna kiran filayen sukuwar Niyok da haka, don can ne babbar kyauta take, ya ɗauka ya riƙa sawa a shafinshi. Sai a shekarun 1970 hukumar yawon buɗe ido ta garin ta farfaɗo da shi. Sunan ɗan jaridar yana rubuce, har kwanar titi aka sa ma laƙabin don tunawa da shi, masu bargar kuwa ba wanda ya tambayi sunansu.

Akwai wani wajen da hirar tayi nauyi. Daga wajen 1916 zuwa 1970 baƙaƙen fata kusan miliyan 6 suka bar kudu suka yi arewa da yamma gudun wariya da neman aikin masana'anta. A Shikago aka matse su a wani siririn yanki na kudancin garin, masu gidaje suka ƙi basu haya a sauran unguwanni, fararen suna kiran wajen Black Belt da wasu sunayen da basu da daɗin faɗi. Wajen 1930 jaridun baƙaƙen fatan suka tsaya kan sabon suna Bronzeville, garin masu launin tagulla, har zaɓen magajin garin unguwa suke yi na girmamawa. An zaɓa musu inda za su zauna, su kuma suka zaɓi sunan da za a kira su. Kawu yace kai da kake Tudun Wada kar ka ɗauka labarin nesa ne, Turawan mulki ne suka tsara Zariya kashi kashi, birni na Zagezagi, Sabon Gari na baƙin da suka biyo jirgin ƙasa daga kudu, Tudun Wada na 'yan arewa da ba 'yan gari ba, GRA nasu. Kakanmu baƙo ne da aka nuna ma inda zai sauka. Ni an haife ni a unguwar ban taɓa tambayar me yasa muke wajen ganuwa ba sai ranar.

Sababbin sunayen Niyok kuma wani iri ne, gutsuren haruffa. SoHo kudu da titin Houston, Tribeca kusurwa uku ƙasa da titin Canal, Dumbo ƙarƙashin gadar Manhattan. Dillalan gidaje sun gano sabon suna yana ɗaga kuɗin haya, har a 2017 wasu suka so mayar da kudancin Harlem SoHa, mutanen unguwar suka fito suka ce basu yarda ba, Harlem sunanta Harlem. Ni ina bayansu ɗari bisa ɗari. Sunan da ya fito daga bakin masu zama a wuri daban yake da wanda mai sayar da fili ya ƙirƙira, kuma ina ganin alamar haka a nan, gonakin da iyayenmu suka san su da sunan mai gonar ko bishiyar da ke ciki ana yanka su fuloti ana kafa allo da Turanci, layout kaza, extension kaza, shekara goma masu zuwa ba yaron da zai san sunan farko.

Nace to Kawu su ya akayi suka san duk wannan? Yace wasu ne suka zauna suka yi wahalar. Wani malami a jami'ar Wisconsin, Frederic Cassidy, ya tura matasa daga 1965 zuwa 1970 suka zaga garuruwa da ƙauyuka 1,002, wasu a cikin motocin da suke kwana a ciki, ɗauke da rikoda da tambayoyi sama da 1,600, suna zama da tsofaffi suna tambaya me kuke ce ma kaza a nan, me kuke ce ma kaza. Daga nan aka haɗa ƙamus ɗin Turancin yankunan Amurka, juzu'in da ya kai harafin Z sai a 2012 ya fito, shi Cassidy ɗin ya rasu tun 2000 bai ga ƙarshenshi ba.

Ranar Juma'ar da ta biyo na ɗauki wayata na tafi cikin birni wajen Goggo, yayar babanmu da tayi aure a can tun tana yarinya. Na gaishe ta na ajiye goro nace Goggo tambaya na zo yi, sunayen unguwanni da na abincin da kuke yi da. Tace yau kuma? Ta fara da ƙyar, can sai ta ware, ta lissafo min kududdufai da rijiyoyin da aka cike aka yi gini a kai, da miya uku da ban taɓa jin sunansu ba, har aka kira la'asar bata gama ba tace in dawo da safe kafin rana tayi zafi. Minti 94 ne a wayar, na tura ma Kawu na kuma ajiye a wuri biyu.

Daren da zai tafi Inna ta zauna tana ƙulla mishi tsaraba, kuka da daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa da ta daka da hannunta. Yace dole a rubuta sunan kowanne a jikin leda saboda masu binciken kaya a filin jirgi. Na miƙa mishi biro ya rubuta okra da manyan baƙaƙe. Inna ta karɓa ta juya ledar tace me ka rubuta, ya gaya mata, ta miƙa mishi tace ƙara kuɓewa a ƙasa.